Babi na Huɗu: Barkwancin Rumawa a Hannun Masu Ibada

A shekara ta 165 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani saurayi mai suna Terence ya kawo sabon wasansa na barkwanci, Hecyra, wato Uwar Miji, gaban mutanen birnin Rum. Ba a yi nisa ba sai labari ya bazu cikin taro cewa ga 'yan dambe sun iso, ga kuma mai tafiya a kan igiya. Wuri ya yamutse, 'yan wasa suka sauka daga dandamali. Bayan shekara biyar aka sake gwadawa a bukin jana'izar babban kwamandan nan Aemilius Paullus. Wannan karon farkon wasan ya shiga jikin mutane, sai aka ce za a fito da masu faɗan takobi, jama'a suka danno suna ihu suna rigimar wurin zama, wasa ya sake watsewa. Sai a karo na uku aka kalle shi har ƙarshe. A shekarar da ta biyo baya Terence ya yi tafiya zuwa ƙasar Girka, bai dawo ba.

Wasanni shida kacal ya bari, kuma dukkansu shida suna hannunmu yau. Masu bincike sun ƙirga kwafinsu na rubutun hannu kimanin 650 da aka yi daga shekara ta 800 zuwa sama. Plautus, wanda ya riga shi, wanda kuma ya fi shi iya sa taro dariya nesa ba kusa ba, bai samu ko kusa da wannan gata ba. A zamanin da, wasanni kusan 130 ne ke yawo da sunansa. Malamin nan Varro ya tace ya ware 21 da kowa ya yarda nasa ne. Amma shekaru ɗaruruwa Turai ba ta san komai daga cikinsu ba sai takwas, su ma ba kowa ke buɗe su ba. Kuma duk tsawon wannan lokaci, kusan shekara dubu, babu wanda ya ga an ɗora ko ɗaya daga cikin wasannin nan a dandamali yadda masu su suka nufa.

To, me ya raya su? Aji ne da allo. Harshen Terence ne ya cece shi.

Shi Terence ɗan Afirka ne, haifaffen Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau. Bawa aka kawo shi Rum, ubangidansa, wani ɗan majalisa mai suna Terentius Lucanus, ya ga hazaƙarsa ya ilimantar da shi ya 'yanta shi. Wannan baƙo shi ne ya rubuta Latin mafi tsabta da sauƙi a bakin mutane masu hira: gaisuwa, tambaya, rarrashi, faɗan uba da ɗa, ƙorafin miji da mata. Plautus kuwa bakinsa na kasuwa ne, cike da tsofaffin kalmomi da zage-zage da kalmomin da shi kansa ya ƙera don nishaɗi. Malamin da ke son yaro ya iya magana da Latin, wanne zai ɗauka? Tun Rum tana da ƙarfinta Terence ya shiga jerin littattafan makaranta tare da Virgil da Cicero da Sallust. A wajen shekara ta 350 babban malamin nahawu Aelius Donatus ya yi masa sharhi layi bayan layi. Da daular ta faɗi a yammacin Turai, gidajen wasa suka zama kufai, amma Latin ya ci gaba da zama harshen coci da shari'a da ilimi, kuma duk mai neman sa sai ya bi ta kan tsofaffin littattafai. Wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba, domin ya san malami mai tsoron Allah yana zaunar da almajiri ya biya masa waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi na zamanin jahiliyya, da duk abin da ke cikinsu, saboda lugga.

Sai dai abin da ke cikin wasannin nan ba ƙaramin nauyi ba ne ga mai ibada. Ga saurayi da ya haukace kan karuwa, ga bawa mai wayo da ke damfarar tsohon ubangidansa don ya samo wa saurayin kuɗi, ga kawali, ga ɗan cin arziki mai bin gidajen masu hali, ga soja mai cika baki. Wanda ya fi duka tsauri shi ne Eunuchus, wasan da ya fi kawo wa Terence kuɗi da suna. A cikinsa wani yaro mai suna Chaerea ya hangi wata yarinya a titi, ya sa kayan dandaƙaƙƙen bawa mai tsaron mata, aka shigar da shi gidan da take, aka bar masa ita ya kula, ya yi mata fyaɗe. Ya fito yana murna yana ba abokinsa labari, har yana cewa a bangon ɗakin ya ga zanen Jupiter, babban abin bautarsu, yana yaudarar wata mace, ya ce in har shi ya yi, wane ne ɗan Adam da zai ƙi? A ƙarshe aka gano yarinyar 'yar gari ce mai 'yanci, aka aura masa ita, aka tashi wasa kowa na farin ciki. Ita yarinyar ko kalma ɗaya ba ta furta ba daga farko har ƙarshe.

Augustine, shi ma ɗan Arewacin Afirka, daga garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, ya karanta wannan wuri yana yaro a makaranta, kuma bai manta ba. Da ya girma ya zama bishof, ya kai ƙarar malamansa a littafinsa na iƙirarin zunubai. Sun ce ana koyar da wasan don yara su san kalmomi. Shi ya ce kalmomin nan ana iya koyonsu a wani wuri, abin da yaro ke ɗauka a nan shi ne ƙarfin halin aikata ɓarna. Bai zargi kalmomin ba, ya ce su kwanuka ne masu daraja, abin da aka zuba a ciki ne giyar ɓata. Jerome, wanda ya fassara Baibul zuwa Latin, almajirin Donatus ne da kansa. A wata wasiƙa da ya rubuta a shekara ta 384 ya faɗi yadda yakan kwana yana kuka kan zunubansa, gari na wayewa sai ya tsinci hannunsa a kan littafin Plautus. Waɗannan mutane biyu su ne ginshiƙan ilimin cocin yamma, kuma abin da suka bar wa na baya shi ne zuciya biyu: ana tsoron littafin, ana kuma kwafarsa.

Aka yi ta kwafa kuwa. Akwai wani kwafi a ɗakin karatu na fadar Fafaroma da aka yi a wajen shekara ta 825, an zana kowace fitowa da 'yan wasa sanye da fuskokin aro masu wangamemmen baki, hannuwansu na nuni, har da zanen kantar da ake jera fuskokin kafin wasa. Mai zanen daga wani tsohon littafi na ƙarshen zamanin Rumawa ya kwaikwaya, ya adana mana abin da shi kansa bai taɓa gani da idonsa ba. Sanin yadda ake yin wasan ya riga ya ɓace. Da yawa daga cikin masu kwafa ba su gane cewa Terence a ma'aunin waƙa ya yi rubutu ba, sai suka jera shi zube, layi na bin layi har bakin shafi. A ƙarshen wasannin akwai sa hannun wani mai gyaran rubutu na da, Calliopius. Masu karatu suka ɗauka shi ne mai gabatarwa: wai yana zaune cikin wata 'yar rumfa a tsakiyar fili yana karanta wasan da ƙarfi, wasu kuma sanye da fuskokin aro suna kwaikwayo da jiki ba sa magana. Har farkon ƙarni na 15 masu zane a Faris haka suke zana shi. Shi kansa Terence an rikita shi da wani ɗan majalisar Rum mai suna Terentius Culleo, wanda aka kama fursuna a Kartaj, sai da Petrarch ya zo a ƙarni na 14 ya raba su.

Yana da sauƙi mutum ya yi wa waɗannan kurakurai dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Kowane kwafi fatun dabbobi ne masu yawa da aka jeme aka goge aka yanka, da watanni na zama a ɗaki mai sanyi ana bin harafi ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya ba da wannan wahala ga littafin da bai gama fahimta ba, wanda ma shugabanninsa ke ɗari-ɗari da shi, ya cancanci godiyar duk wanda ya taɓa jin daɗin wasan kwaikwayo.

A cikin masu karatun wancan zamani akwai mace ɗaya da ta fi kowa gane abin da ke hannunta. Sunanta Hrotsvitha, an haife ta a wajen shekara ta 935, ta yi rayuwarta a gidan ibada na mata da ke Gandersheim a ƙasar Saxony, cikin Jamus ta yau. Ba ƙaramin gida ba ne: 'ya'yan sarauta ke zama a ciki, shugabarsa Gerberga 'yar ɗan'uwan Sarki Otto na Ɗaya ce, kuma akwai littattafai. A gabatarwar da ta yi wa aikinta, Hrotsvitha ta ce akwai masu bi da yawa da ke guje wa sauran littattafan maguzawa amma ba sa iya ajiye Terence, daɗin harshensa na jansu, ƙazantar labarinsa na shafarsu. Saboda haka ta ɗauki salonsa, ta rubuta wasanni shida kamar yadda ya rubuta shida, domin a inda aka ba da labarin matan banza a ba da labarin mata masu kamun kai. Ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa sau da yawa kunya takan rufe ta, don dole ta zauna ta yi tunanin kalaman masu sha'awa kafin ta sa su a bakinsu.

Wanda ya ji wannan zai zaci wa'azi ne busasshe. A karanta Dulcitius a gani. Zamanin Sarki Diocletian ne, an kama 'yan mata uku 'yan gida ɗaya, Agape da Chionia da Irene, saboda sun ƙi barin addininsu. Gwamna Dulcitius ya gan su ransa ya biya, ya sa a kulle su a ɗakin da ke kusa da madafa don ya riƙa zuwa. Da dare ya lallaɓo, hankalinsa ya juye, ya faɗa kan tukwane da kasake yana runguma yana sumbata. Su kuwa 'yan matan suna leƙensa ta tsagar bango, suna ba juna labarin abin da suke gani, suna dariya. Ya fito baƙi ƙirin da baƙin tukunya, sojojinsa suka ce aljani ne suka ranta a na kare, masu gadin fada suka lakaɗa masa duka suka tunkuɗo shi daga matakala. Bayan wannan aka ƙone biyu daga cikin 'yan matan, aka harbe ta ukun da kibiya, kuma har ƙarshe su ke mayar wa alƙalansu magana. A wani wasan, Abraham, wani tsohon mai zuhudu ya ji 'yar ɗan'uwansa da ya rena ta faɗa karuwanci, sai ya ari kayan soja da hula da doki, ya shiga gidan a matsayin mai nema, har aka bar su su biyu, sannan ya cire hular ya kira ta da sunan 'yarsa. Dabarar shigar burtu ce irin ta Chaerea, an juya ta: wancan ya shiga ya lalata, wannan ya shiga ya fitar.

Abin da ya sa nake ganin Hrotsvitha ta fi Augustine zurfin karatu a nan shi ne, shi damuwarsa saurayin ne da abin da zai koya. Ita ta ga yarinyar da aka hana magana, ta ba ta baki. Ko an taɓa yin wasanninta a gaban jama'a a zamaninta, ko karanta su kawai ake yi a zaure, masana na ta muhawara. Bayan rasuwarta aikin ya kwanta, sai a ƙarshen ƙarni na 15 wani masani Bajamushe, Conrad Celtis, ya tsinci kwafinsa a gidan ruhubanawa na Emmeram a Regensburg, ya buga shi a 1501 da zane-zanen da Albrecht Dürer ya sa hannu a ciki.

A ƙarni na 12, lokacin da makarantun Faransa suka cika da masu koyon manɗiƙi, wani mai suna Vitalis na garin Blois ya ɗauki labarin Amphitruo na Plautus ya mai da shi waƙa mai suna Geta. A asalin labarin, Jupiter ya ɗauki kamannin wani kwamanda da ya tafi yaƙi ya shiga wurin matarsa, ɗan aikensa Mercury kuma ya ɗauki kamannin bawan kwamandan ya tsare ƙofa. Vitalis ya ce ba yaƙi maigidan ya tafi ba, karatu ya tafi Atina. Bawansa Geta ya tsinci 'yan guntayen manɗiƙi a can, yana ta alfahari da su. Da ya iso ƙofar gida ya tarar da wani Geta a ciki, sai ya bi ƙa'idojin da ya koya ɗaya bayan ɗaya har ya tabbatar wa kansa cewa shi ba kowa ba ne, babu shi ma sam. Abokin bautarsa Birria, malalaci da bai taɓa buɗe littafi ba, shi ya tsira da hankalinsa. 'Yan makaranta sun so wannan waƙa ƙwarai, don da su ake.

Ko Dante, babban mawaƙin Italiya, bai tsira daga sanin shanu ba. A cikin waƙarsa ya jefa Thais, karuwar da ke cikin Eunuchus, a ramin masu bambaɗanci cikin wuta, saboda wata amsa ta zuga da ya ce ta ba masoyinta. A wasan ba ita ta faɗi maganar ba, ɗan cin arzikin nan Gnatho ne. Masana da yawa na ganin Dante ya tsinci wurin ne a littafin Cicero kan abota, inda aka kawo shi ba tare da sunayen masu magana ba. Boccaccio, wanda ya zo bayansa, ya zauna ya kwafe Terence gaba ɗaya da hannunsa, kuma kwafin yana nan a Florence.

Sai shekarar 1429. Tun da daɗewa tarin wasannin Plautus, waɗanda aka jera bisa haruffa, ya rabu gida biyu, rabin farko mai wasanni takwas ne kawai ke yawo. Wani matashin malamin coci Bajamushe, Nicholas na Cusa, ya iso Rum da tsohon littafi daga ƙasarsu, ya miƙa wa ubangidansa Kadinal Giordano Orsini. A ciki akwai wasanni goma sha biyu da babu wanda ya san suna duniya, har da Menaechmi, labarin tagwaye, da Miles Gloriosus, soja mai cika baki, da Mostellaria da Pseudolus da Rudens. Masana suka yi ca. Kadinal kuwa ya rungume littafin ya hana. Poggio Bracciolini, wanda ya yi shekaru yana tono tsofaffin littattafai a gidajen ruhubanawa, ya yi ta rubuta wa abokansa wasiƙun takaici. Sai da manyan gidajen mulki suka sa baki, na Medici a Florence da na Este a Ferrara, kafin littafin ya fita aka kwafa. A 1433 kuma Giovanni Aurispa ya gano sharhin Donatus a Mainz. Wannan na biyun bai yi ƙara kamar na farko ba, amma aikinsa ya yi nisa, domin Donatus ya san wasan a dandamali: yana faɗin inda ɗan wasa zai ɗaga murya, da irin fuskar da zai yi, da yadda labari ke ƙulluwa ya rikice ya warware, da rabuwar wasa kashi biyar. Daga nan marubutan Turai suka ɗauki tsarin da suka bi shekaru ɗaruruwa. Injin ɗab'i ya zo ya ƙarasa: an buga Terence a Strasbourg a 1470, Giorgio Merula ya buga wasannin Plautus ashirin a Venis a 1472.

Abin da ya rage shi ne a ji su a bakin mutane. A Florence 'yan makaranta sun yi Andria da Latin a 1476, a Rum kuma Pomponio Leto ya riƙa sa almajiransa suna yi. Amma ranar da ta canza al'amari ita ce 25 ga Janairu 1486, a farfajiyar fadar Ercole d'Este, mai mulkin Ferrara. An fassara Menaechmi zuwa Italiyanci, an kafa dandamalin katako da gidaje biyar masu ƙofa da taga, an turo jirgin ruwa mai filafilai ya ratsa fili ya sauke ɗaya tagwayen da ya zo neman ɗan'uwansa. Masu rubuta tarihin garin sun ce dubban mutane suka kalla. Ga magidanci ya saci rigar matarsa ya kai wa farkarsa, ga baƙon da ya sauka yau an kira shi da sunansa an ciyar da shi an ba shi rigar, ga matar gida ta tare shi da masifa shi kuwa bai taɓa ganinta ba, ga likita an kira ya duba mahaukaci. Abin da aka yi shekaru ana yi wa i'irabi ya tashi tsaye yana tafiya, mutanen da ba su san Latin ba suna riƙe ciki.

Ercole ya kamu. A 1502, a bukin auren ɗansa Alfonso da Lucrezia Borgia, 'yar Fafaroma Alexander na Shida, wasannin Plautus biyar aka yi a jere. 'Yar Ercole, Isabella, ta riƙa rubuta wa mijinta a Mantua labari: Bacchides ya yi tsawo ya gundure ta, raye-rayen da ake sakawa tsakanin kashi da kashi sun fi mata daɗi, Casina kuwa batsa ce da ba ta yarda 'yan matan da ke mata hidima su gani ba. Wasiƙunta na nuna inda aka dosa: fassara kaɗai ba za ta daɗe tana riƙe mutane ba, suna son su ga garinsu da zamaninsu.

A wannan fada Ludovico Ariosto ya tashi. Ya rubuta La Cassaria a 1508 da I Suppositi a 1509, na biyun ya kafa shi a Ferrara kanta, da ɗalibin jami'a da ya yi musayar kaya da baransa don ya shiga gidan budurwarsa, kuma ya faɗa da bakinsa cewa daga Eunuchus da Captivi ya ɗebo. A 1513 aka yi Calandria na Bernardo Bibbiena a Urbino, aka maimaita shi a Rum gaban Fafaroma Leo na Goma. Bibbiena ne ya mai da tagwayen Plautus mace da namiji, ƙaramin canji da ya buɗe ƙofar rikici iri-iri. Machiavelli, bayan an kore shi daga aikin gwamnati, ya fassara Andria, ya rubuta Mandragola, sannan a 1525 ya mai da Casina ɗin da Isabella ta ƙi ya zama Clizia: tsoho a Florence ya ƙyalla ido kan yarinyar da aka rena a gidansa, ya shirya aurar da ita ga baransa don ya samu hanya, uwargida ta sa wa wani ƙato kayan amarya aka kai masa, ya kwana yana shan naushi, da safe ya miƙa mata ragamar gida.

A arewacin Turai makaranta ce ta ci gaba da riƙe ragama, kuma tsohuwar zuciya biyun nan ba ta mutu ba. Erasmus ya sa Terence a gaba cikin waɗanda yaro zai koyi magana daga gare su. Philipp Melanchthon yana ɗan shekara 19 ya buga shi a 1516, a jere bisa layukan waƙa. Tsarin makarantun Saxony na 1528 ya ce yara su haddace Terence, sannan a ba su wasannin Plautus masu tsabta irin su Aulularia da Trinummus. Luther da kansa ya goyi bayan yara su riƙa yin wasannin, yana ganin madubi ne da ke nuna wa kowa matsayinsa, yana kuma gargaɗin samari. Ignatius Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya ga akasin haka: littafin da ba ya wankuwa, kamar Terence, gara a bar shi. Wasu kuma suka bi hanyar da Hrotsvitha ta bi shekara ɗari biyar kafin su. Gnapheus a Holan ya rubuta Acolastus a 1529, labarin ɗa almubazzari na cikin Linjila, da 'yan cin arziki da kawali da karuwa duk an ɗauko daga Rumawa, sai dai a ƙarshe tuba ake yi. Wani shugaban makaranta a Haarlem, Schonaeus, ya tara nasa wasannin ya sa musu suna Terence na Kirista.

Ingila ta sha daga koguna biyun, na makaranta da na Italiya. Nicholas Udall, malamin makaranta, ya fara da tattara jimlolin Terence don yara su koyi hira, daga baya ya rubuta Ralph Roister Doister, inda sojan Plautus mai cika baki ya koma mutumin Ingila yana neman auren wata gwauruwa. A 1566 aka yi fassarar I Suppositi a makarantar lauyoyi ta Gray's Inn a Landan, Shakespeare ya ɗebi labarin ya sa a The Taming of the Shrew. A wannan zaure dai, ran 28 ga Disamba 1594, aka yi wasansa The Comedy of Errors. Menaechmi ne, amma ya ƙara wa iyayen gida tagwaye bayi tagwaye, ya aro daga Amphitruo fitowar da ake kulle maigida a waje alhali wani na ciki yana cin abincinsa. Ya kuma ƙara abin da babu a Plautus. Matar da ke Menaechmi ko suna ba ta da shi, mafaɗaciya ce kawai da ake yi wa dariya. Shakespeare ya kira ta Adriana, ya bar ta ta faɗi zafin da mace ke ji in miji ya juya mata baya, ya kuma buɗe wasan da tsohon uba da aka yanke wa hukuncin kisa yana neman 'ya'yansa. A Faransa, Molière ya fitar da Amphitryon da L'Avare a shekara guda, 1668, na biyun daga marowacin Aulularia da tukunyar zinariyarsa.

Reshen tagwaye mace da namiji shi ma bai tsaya ba. Daga Calandria ya bi ta Siena, inda wata ƙungiyar masana ta yi Gl'Ingannati 'yan shekaru bayan da sojoji suka wawashe Rum a 1527: yarinya ta yi shigar maza ta zama baran wanda take so, ya riƙa aikenta wurin wata, waccan kuma ta faɗa son ɗan aiken, har ɗan'uwanta da ya ɓace ya bayyana. Wannan labari ya bi ta hannun masu ƙagaggun labarai na Italiya da Faransa da Ingila ya isa ga Shakespeare, ya zama Twelfth Night. Wani ɗalibin lauya, John Manningham, da ya kalle shi a Fabrairun 1602, ya rubuta a kundinsa cewa ya yi kama da The Comedy of Errors, da Menaechmi na Plautus, da wani wasan Italiya. Twelfth Night ɗin nan shi ne marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.